Baƙin hayaƙi da shan mai a tsohuwar Golf 3: daga ina ya kamata a fara bincike?

Direban_Zariya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Golf 3 mai injin 1.8, ƙirar 1994, wadda nake jigilar fasinja da ita tsakanin Kano da Zariya, shekara shida ke nan tana hannuna. Wajen wata biyu da suka wuce ta fara fitar da baƙin hayaƙi idan na taka totur, da safe kuwa warin ɗanyen fetur ne yake fitowa daga salansa har fasinjojin baya suna toshe hanci. A da lita 13 tana kai ni Zariya, yanzu sai na zuba 18 ko 19, kuma kowa ya san inda kuɗin mai ya kai tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Na canza fulogi sau biyu, kowane saiti bai cika mako biyu ba ya yi baƙi ƙirin. Wani makanike ya ce in sayi birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, wani ya ce ringi ne ya mutu sai an sauke inji, na uku ya ce in cire injekta gaba ɗaya in ɗora kafireto in huta. A cikin ukun nan babu wanda ya auna komai, kunne kawai suka kasa suka yanke hukunci. Ina roƙon masana su faɗa mini abin da ya kamata a fara dubawa kafin in kashe kuɗin da ba ni da su.

Usta_Kofar_Ruwa:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka bari a sauke maka inji tukuna. Hayaƙin ringi shuɗi ne, yana da ƙaurin ƙonannen baƙin mai, kuma za ka ga man injinka yana raguwa kana ta ciko. Farin hayaƙi mai kauri wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, wannan ruwan lagireto ne yake shiga silinda, galibi ta gasket. Baƙi kuwa fetur ne ya yi wa iska yawa. Ka kwance fulogi ɗaya ka shafa bakinsa da yatsa. Idan baƙin busasshe ne kamar na gindin tukunya, yana kakkaɓuwa, to fetur ne. Idan yana da danshi da maiƙo, baƙin mai ne. Ka kuma duba ko duka huɗun ne suka yi baƙi ko ɗaya ne kawai, domin wannan ma yana da abin da yake nunawa.

Direban_Zariya:
Na gode Usta. Duka huɗun ne, kuma busasshe ne. Baƙin mai ba ya raguwa ko kaɗan, har ma ina ganin kamar yana ɗan haurawa a jikin sandar awo.

Usta_Kofar_Ruwa:
To wannan haurawar ita ce abin tsoro. Ka zaro sandar ka shinshina, ina kyautata zaton za ka ji warin fetur. Man da bai ƙone ba yana wanke maiƙon jikin silinda ya gangara ya haɗe da baƙin mai ya tsinka shi, kuma idan ka ci gaba da aiki a haka, ringin da aka ce ya mutu alhali yana raye zai mutu da gaske. Duk ranar da aka gano cutar, ka juye man nan ko da lokacin sabis bai yi ba.

Injiniya_Jos:
Bari in ɗan shimfiɗa tushen maganar domin wanda bai sani ba. Injin fetur yana ƙona mai ƙurmus ne idan ya sami iska kashi 14.7 a kan fetur kashi 1, a ma'aunin nauyi. Idan fetur ya zarce haka, iskar ba ta isa ta cinye shi, sai ragowar ya fita a matsayin baƙin toka da iskar kabon monoksaid mai guba. Saboda haka tambaya biyu ce kawai a gabanmu: shin iska ce ba ta shiga yadda ya kamata, ko kuwa mai ne ake turawa fiye da kima? Amsar ta farko ita ce mafi araha, a buɗe gidan iyakilina a ɗaga matatar a hasken rana, musamman ga motar da take bin hanya kullum cikin ƙurar hunturu. Ta biyu ce take bukatar mita. Golf 3 mai 1.8 da yawancinmu muka sani tana da tsarin Mono-Motronic na kamfanin Bosch, wato nozul ɗaya tak a saman makogwaro, abin da ya sa wasu suke ɗaukarsa kafireto ne. Ba shi da sukurun rage mai ko ƙara shi. Birenbos ne yake yanke yawan man da za a fesa, bisa labarin da yake samu daga na'urar zafin ruwa, da ta zafin iska, da ta matsayin totur, da na'urar iskar oksijin da ke jikin salansa. Idan ɗaya daga cikinsu ta kai masa labarin ƙarya, zai yi aiki da ƙaryar da zuciya ɗaya, kuma shi lafiyarsa ƙalau. Ɗan'uwa, ina allurar zafin motarka take tsayawa idan ka yi tafiyar rabin awa a kan titi?

Direban_Zariya:
Ba ta taɓa kaiwa tsakiya ba, Injiniya. Tana tsayawa wajen 70, wani lokaci da asuba ma ko motsi ba ta yi sai na wuce Kwanar Dangora. Ni a tunanina hakan alheri ne. Tun da na sayi motar aka haɗa mini fanka kai tsaye, da na murɗa makulli take fara juyawa.

Injiniya_Jos:
To ga zare mun kama bakinsa. Allurar Golf 3 mai lafiya a kan 90 take zama. Ina da yaƙinin idan aka buɗe za a tarar babu tamostat a ciki, wato ɗan ƙarfen da yake tare ruwa daga lagireto har inji ya yi zafi. Injin da bai yi zafi ba yana bukatar ƙarin mai domin fetur ba ya tashi ya zama tururi sosai a cikin sanyi, kuma birenbos yana ba shi wannan ƙarin har sai na'urar zafin ruwa ta shaida masa cewa an ɗumama. Motar da aka cire wa tamostat aka kuma bar fanka tana kaɗawa ba tsayawa, daidai take da mai kafireto da aka ja wa cok, wato faifan rage iska domin tada mota a sanyi, aka manta ba a mayar ba.

Dan_Sakkwato:
Injiniya, da girmamawa, a nan ban yarda da kai ba. Kai kana Jos inda ake sa rigar sanyi, mu muna inda zafi yake wuce digiri 40 a watan Afrilu. Tamostat an yi shi ne domin ƙasashen ƙanƙara. Na ga motoci da dama da ya maƙale a rufe a tsakiyar hanya, ruwa ya tafasa, gasket ya ƙone, wani har tof silinda ya lanƙwashe. Gara mutum ya ƙara lita biyu a tanki da ya sayi sabon kan inji. Ban da haka, mai tambaya ya ce shekara shida yana hawan motar a haka, matsalar kuwa wata biyu ne da farawa. Yaya za a ɗora wa abin da ya shekara shida laifin abin da ya faru jiya?

Injiniya_Jos:
Maganarka ta ƙarshe gaskiya ce, Malam, kuma na karɓa: rashin tamostat shi kaɗai ba zai bayyana canjin wata biyu ba, dole akwai wani abu da ya lalace kwanan nan ya hau kansa. Amma a kan ta farko ina nan a kan bakana. Tamostat ba ya ƙara wa inji zafi sama da inda aka tsara shi. Yana rufe hanyar lagireto ne har ruwa ya kai wajen digiri 85, daga nan ya buɗe ya bar ruwa ya zagaya. Zafin Sakkwato na digiri 40 ko 45 bai wuce rabin zafin da inji yake son aiki a kai ba. Motar da take tafasa da tamostat mai kyau a jikinta, a duba lagireton da ya toshe da tsatsa saboda ruwan rijiya, ko murfinsa da ba ya riƙe matsi, ko famfon ruwa, ko makunnin fanka. Wanda ya maƙale a rufe tsufa ya yi, magani shi ne a sa sabo, kuma ana iya gwada shi a cikin tukunyar ruwan zafi a ga buɗewarsa da ido kafin a ɗaura.

Rewaya_Sabongari:
Ni aikina ke nan, bari in faɗi yadda nake bi. Na'urar zafin ruwa tana nan a jikin bututun roba mai tauri da ke fitowa daga kan inji. A wasu Golf 3 guda biyu ne, ɗaya ta agogon gaban direba ɗaya ta birenbos, a wasu kuma an haɗe su a gida ɗaya mai ƙafa huɗu. Shi ya sa allura za ta iya nuna daidai alhali ɓangaren birenbos ya mutu. Ana zare soket a sa mita a ma'aunin om. Da sanyin safiya, wajen digiri 20, ya kamata a ga abin da ya kusanci 2,500. Idan inji ya yi zafi zuwa digiri 80 sai ya sauko wajen 300. Idan inji ya yi zafi amma mita tana nuna dubbai, ko ba ta nuna komai, to birenbos yana zaton ana tsananin sanyi ne. Kada a tsaya a kan na'urar kawai, a duba bakin soket ɗin, domin sau da yawa nakan tarar ya yi kore da tsatsa, ko waya ta karye a cikin rigarta ba a gani. Bayan wannan sai na'urar oksijin. Mai lafiya, idan ta yi zafi, wutar da take bayarwa tana hawa da sauka tsakanin bolt 0.1 da 0.9 ba tsayawa. Idan ta kafe a ƙasa tana cewa mai ya yi kaɗan, birenbos zai yi ta ƙari. Duk wannan awon bai fi minti talatin ba, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin birenbos ba.

Matashin_Makanike:
Oga, me zai hana a sa mata kwamfuta kawai? Ni da ƙaramar na'urar da nake haɗawa da wayata nake ganin P0172 idan mai ya yi yawa, P0171 idan ya yi kaɗan.

Rewaya_Sabongari:
Waɗannan lambobin na tsarin OBD-II ne, ƙanena, wanda ya zama dole a Amurka daga 1996, a Turai kuma motocin fetur daga 2001. Golf ta 1994 ta riga shi, sai na'urar da ta san yaren Volkswagen na wancan lokacin. Ko a motar da take karɓa ma, lambar tana gaya maka cewa mai ya yi yawa ne, ba ta gaya maka dalili. Na sha ganin an canza na'urar oksijin saboda lamba ta ambaci sunanta, alhali ita gaskiya take faɗa, nozul ne yake ɗiga.

Baba504:
'Ya'yana, ina karanta ku ina tuna zamaninmu. Ni na fara aiki a kan Peugeot 504 tun ana harhaɗa ta a Kaduna, kamfanin da ya fara aiki a 1975, kuma kafireton Solex na san shi kamar tafin hannuna. Ina so in ja kunnen mai tambaya a kan shawarar makanike na uku. Masu cewa a ɗora kafireto a huta suna magana kamar kafireto ba ya shan mai, alhali baƙin hayaƙin da na gani a rayuwata mafi yawansa daga kafireto ne. Fulot, wato abin da yake yawo a kan man da ke cikin kwanon kafireto, yakan huje ya cika da mai ya nutse, sai kwanon ya yi ambaliya. Allurar da take tsayar da mai takan cinye, ko ɗan tsaki ya maƙale a bakinta. Faifan cok yakan ƙi buɗewa duka. Mafi muni shi ne yaran da suke zura waya a cikin jet, wato ɗan ramin da mai yake bi, wai suna wanke shi, su faɗaɗa ramin da aka auna shi da ƙyar, daga ranar motar ba za ta sake daidaita ba sai an sa wani. Sannan idan aka kawo musu mota mai hayaƙi, sai su kama sukurun silo su ɗaure, su ce sun rage mai. Wannan sukurun ba ya mulkin komai sai lokacin da mota take tsaye tana silo. Da ka hau titi babban jet ne yake aiki, hayaƙinka yana nan, ka kuma ƙara da mutuwar mota a kowace danja. Kafireton da za a ɗora wa Golf ɗinka ba a yi shi domin injinta ba, za a yi ta lalube ne. Ka gyara abin da Bajamushe ya sa mata.

Injiniya_Jos:
Allah ya ƙara girma, Baba. Ina ƙara shaida ɗaya a kan maganarka. Jos tana kan tudu na wajen mita 1,200, iskarmu ba ta kai ta Legas nauyi ba, kuma motar kafireto da aka saita a ƙasa idan ta hau nan takan ɗan yi yawan mai, domin kafireto bai san iska ta ragu ba. Mai na'urar oksijin ita take gyara kanta.

DanMaradi:
Salamu alaikum daga Maraɗi. Ni ina ganin ba a taɓo batun man kansa ba. A nan da yawa muna shan esansi na kwalba a bakin hanya, kuma na ga yadda datti da ruwa suke lalata buji, wato fulogi, da nozul. Ku ma a Nijeriya kun ga abin da man da aka shigo da shi mai yawan methanol ya yi wa motoci a watan Fabrairun 2022. Ɗan'uwa, ko ka canza wurin shan mai a watannin nan?

Direban_Zariya:
Ban canza ba, Malam, gidan mai ɗaya nake sha tare da abokan aikina na tasha, kuma motocinsu ba su yi haka ba. Nakan sayi na 'yan bumburutu idan ya yanke mini a hanya, amma ba kullum ba.

Usta_Kofar_Ruwa:
Gurɓataccen mai ya fi kawo fizga da ƙarar fistin da wahalar tashi. Tun da motocin abokansa lafiya suke, a ajiye wannan a gefe. Amma maganar nozul tana nan: a cire murfin sama a haska tocila ana silo, a ga ko feshin yana fita kamar lema, sannan a kashe mota a ga ko yana ci gaba da ɗiga. A kuma auna matsin mai, domin wannan tsarin wajen 1 yake aiki da shi a ma'aunin matsi na bar, ba 3 irin na masu nozul huɗu ba. Na taɓa karɓar wata da aka sa wa famfon mai na wata mota mai ƙarfin matsi, tiyon komawa tanki kuma ya lanƙwashe, tana ta aman baƙin hayaƙi.

Bahaushe_a_Ingila:
Abin da yake ba ni takaici idan na zo gida shi ne rashin na'urar auna hayaƙi a garejinmu. A nan kusan duk motar da ta shekara uku sai an yi mata gwajin lafiyar mota da ake kira MOT kowace shekara, ana zura bututu a salansa a karanta abin da yake fita. Tsohuwar mota ta tsakanin 1986 da 1992 ba a yarda kabon monoksaid ɗinta ya wuce kashi 3.5 cikin ɗari ba, ɗanyen man da bai ƙone ba kuma kada ya wuce 1,200 a cikin miliyan. Masu tukunyar tace hayaƙi iyakarsu ta yi ƙasa da haka nesa, ƙasa da kashi ɗaya. Amfanin na'urar ya wuce cin jarrabawa. Idan kabon monoksaid ya hau, mai ne ya yi yawa. Idan shi yana ƙasa amma ɗanyen mai ya hau, to wuta ce take tsallake, ko iska tana satar shiga ta wani wuri, ko bawul ba ya rufewa. Idan oksijin ya yi yawa a hayaƙin, a nemi huda. Da irin wannan awon, makanikai ukun da ɗan'uwanmu ya ambata ba za su ba shi amsa uku ba.

Maman_Khadija:
Ina neman afuwar shiga maganar masana, amma abin da mai tambaya ya faɗa game da fasinjojin baya ya tsaya mini a rai. Ina da tsohuwar Starlet da nake kai yara makaranta. Akwai lokacin da kullum muka dawo sai ƙaramar ta yi kukan ciwon kai, ni ma ina jin jiri, muka yi ta shan maganin zazzaɓi. Ashe salansa ce ta huje a ƙarƙashin kujerar baya, robar but kuma ta mutu, hayaƙi yana shigowa muna rufe da gilashi saboda ƙura. Likita ya gaya mini cewa kabon monoksaid ba shi da wari ba shi da launi, warin da muke ji na fetur ne kawai, mai kisan ba a jin sa. Malam, don Allah kafin a gama binciken nan ka sa a duba salansarka daga inji har wutsiya, kuma kada ka bar mota tana aiki a rufaffen wuri.

Dan_Sakkwato:
Allah ya tsare, Hajiya. Wannan ya tuna mini da tukunyar tace hayaƙi da ake kira indomi. Wasu motocin da ake kawowa daga Kwatano kafin su iso hannun mai saye an fasa an kwashe ta saboda ma'adinai masu tsada da ke ciki, irin su filatinom. Shin rashinta ba ya sa shan mai?

Rewaya_Sabongari:
A Golf ta wannan shekarar na'urar oksijin tana gaban tukunyar ne, saboda haka rashin indomi ba ya canza lissafin birenbos, sai dai gubar da take fita ta ƙaru. Abin da yake sa shan mai shi ne aikin da ake yi wajen cirewa: a yanke waya, ko a jefar da na'urar a toshe ramin da ƙusa, ko a yi walda mai huda. Kuma wanda tasa take nan ya sani cewa yawan mai irin wannan yana narkar da ita ta toshe, mota ta rasa ƙarfi.

Direban_Zariya:
'Yan'uwa, na dawo da rahoto, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na sami wani rewaya mai mita muka bi abin da aka faɗa ɗaya bayan ɗaya. Iyakilina ta yi datti amma ba ta toshe ba, na dai canza. Tamostat babu shi, kamar yadda Injiniya ya faɗa. Na'urar zafin ruwa kuwa, inji yana da zafi amma mita tana nuna sama da 5,000, soket ɗinta ya yi kore shar. Mun sa wata, mun sa tamostat, mun mayar da fanka kan makunninta, na juye baƙin mai. Yanzu allura tana zama a 90, baƙin hayaƙi ya ɗauke, jiya lita 15 ta kai ni Zariya. Sai dai ba ta koma 13 ba, kuma da muka bi shawarar Hajiya muka duba salansa, mun ga baƙin toka a mahaɗar da ke ƙasan manifol, ana jin tana huci idan inji yana da sanyi. Na'urar oksijin tana motsi amma a hankali.

Injiniya_Jos:
Alhamdu lillahi. Wannan hudar tana gaban na'urar oksijin, kuma iskar waje tana iya shiga ta nan ta sa na'urar ta ce mai ya yi kaɗan. Ka fara canza gasket ɗin mahaɗar kafin ka taɓa na'urar.

Rewaya_Sabongari:
Ni kuma ina zargin na'urar ce ta gaji, domin wata biyu tana shan toka, kuma idan ta asali ce shekarunta sun kai. Amma na yarda a fara da gasket tun da ya fi araha, a sake awo bayan tafiyar kwana uku. A duba robar da ke ƙarƙashin gidan nozul ma, tana yawan tsagewa a irin wannan injin.

Dan_Sakkwato:
Ina taya ka murna, amma ka lura cewa na'urar zafin ruwa ce ta mutu, kamar yadda na yi zato cewa wani sabon abu ne. Batun tamostat ina nan ina jira. Yanzu sanyi ake yi. Idan Allah ya kai mu Afrilu, ka cika mota da fasinja da kaya ka shiga cunkoson Kano da rana tsaka, sannan ka dawo ka gaya mana inda allurar ta tsaya.

Direban_Zariya:
In sha Allahu zan dawo da labari, Malam. Gobe da safe za a sa gasket ɗin, na kuma ce a wanke lagireto tun da an riga an buɗe. Baba504, akwai wani abokin aikina mai Golf 2 ta kafireton Pierburg da take mutuwa a silo idan ta yi zafi, fuloginsa kuma fari fat ne maimakon baƙi. Na ce masa ya shigo ya yi bayani da kansa.